Makwancin Haruna a Gonar Albasa

Tun da na dawo daga Suki ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna wurin Hajja mai shayi a bakin kasuwar Hasahisa, garinmu nan Sudan, kafin sukari ya narke wani ya jawo kujera: "Haruna, wai da gaske ruwa ya tafi da kai?" Wani ya ce kada ne ya kore ni. Usman mai walda har rantsuwa yake wai a Sinnar anka tsamo ni da ƙugiya. To ga labarin daga bakin mai shi, sau ɗaya. In na ƙara gishiri kaɗan haƙƙina ne, ni na jiƙe.

Kun san sana'ata, gyaran waya. Ɗiyana biyu, Hanadi mai shekara sha biyu da Mazin mai tara, cikin wayoyin mutane sunka girma. Hanadi in ka kira ta sau uku ba ta amsa ba, na huɗu sai ka tura mata saƙo, ko da tana zaune bisa ƙafarka. Mazin kuwa akuyar maƙwabta ta haihu gabansa, ya ce ya ga wadda ta fi wannan a waya. Hausarsu iyakarta "ina kwana" da "na ƙoshi", sauran duk Larabci.

Abin ya faro ne wurin wani biki a Madani. Baffa Isa ya zo, ƙanen mahaifina Malam Musa, wanda ke riƙe da gonar marigayin a ƙauyenmu can bayan Suki. Ya kira Mazin, ya kama hannunsa ya juya shi kamar mai sayen kaza.

"Kai ɗan Haruna, albasa daga ina take fitowa?"

Na fassara mashi. Mazin ya yi tunani, ya ce, "Daga buhu."

Mutane sunka kwashe da dariya. Baffa bai yi ba. Ya dube ni ya ce, "Haruna, baya ya ƙi, gwiwa ta ƙi. In an cire albasar bana, gonar Musa zan miƙa wa ɗiyan Lawali. Su sun san hanyarta. Naka kajin keji ne, in an aje su ƙasa faɗuwa za su yi."

Lawali ɗan uwanmu ne na nesa, kuma yana wurin, yana cin nama yana kallon sama kamar bai ji ba. Ni tun ina sha bakwai na jefar da fartanya na rantse ba ni ba ita. Amma a ce ƙasar da ubana ya ƙare ƙarfinsa a kai ta koma gidan Lawali don ɗana ya ce buhu? Ranar ko naman ban ci ba. To, na ci kaɗan.

Bayan kwana biyu wani ya kawo waya gyara. Ba leƙe nake yi ba, gwaji ne. Sai ga wani Bature da matarsa da yaransa cikin daji, sun kafa tanti, sun hura wuta, yaran suna tsalle cikin rafi, kowa haƙora waje. Na ce ashe maganin ke nan. Na koma gida na ce wa Asha, uwar ɗiyana, ta shirya, za mu rihla, wato yawon buɗe ido, za mu kwana waje, yara su san ƙasa.

Ta aje ludayi. "Baban Hanadi, kakanka ya kwana daji shekara da shekaru, daga Sakkwato har nan da ƙafa. Ubanka ya kwana rumfar kara yana tsinkar auduga don kai ka kwana ƙarƙashin fanka. Yanzu ka sami fankar, za ka mai da mu daji?"

Na ce wancan wahala ce, wannan tarbiyya ce.

"Mi ya raba su?"

Na ce wannan da hoto.

Tantin na Usman mai walda ne, tsarabar zamansa Saudiyya, bai taɓa fitowa daga jakarsa ba. Ya ce, "Ka dawo mani da shi yadda na ba ka." Na ce har da kyau zai ƙara.

Ranar Alhamis bayan asuba munka kama hanya. Kayanmu: tanti, katifar soso, ɗan murhun gas, akwatin ƙanƙara, gwangwanin kifi shida, biskit, da tocila uku. Yaron mota ya dubi tulin ya tambaya ko mai gida ne ya kore mu. Daga Hasahisa har Madani na yi wa yara lacca a kan ni'imar Allah. "Ku dubi auduga. Ku dubi shanu. Ku dubi tur'a, babbar hanyar ruwan nan, ita ke ciyar da jihar Jazira duka." Hanadi ta ɗaga waya saitin taga ta ɗauka ba tare da ta duba ba, ta ce za ta kalla in mun isa. Mazin ya yi amai sau biyu, na biyun cikin takalmina.

A Madani munka canza mota. Ta Sinnar ɗin tsohuwa ce ƙwarai, ina jin ita ta kawo kakana rabin hanya. Kusa da ni wani dattijo ɗan kasuwar raƙuma ya ji shirinmu, ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi shekara arba'in yana kwana waje, kuma babban burinsa a duniya ɗaki mai ƙofa. Ya roƙe ni mu yi musanya na wata ɗaya.

A shingen da ke tsakanin jihohi anka sauke mu. Wani jami'i matashi ya taɓa jakar tanti ya ji ƙarafa, ya ce a buɗe. Na zazzage, na yi bayani.

"Ina za ku kwana?"

"Gona."

"Ba ku da dangi a can?"

"Ƙauyen duk dangina ne."

"Kun yi faɗa?"

"Lafiya lau muke."

Ya dubi Asha, ya dubi yara, ya ja ni gefe ya rage murya. Ya ce yana da 'yar uwa a Suki, mutuniyar kirki ce, tana da ɗaki, ba sai kowa ya sani ba. Talauci ba abin kunya ba ne. Asha ta ji. Ta ce masa, "Allah ya saka, ɗana. Ba talauci ba ne, hauka ne."

A Sinnar munka ci soyayyen kifi da burodi da barkono mai lemun tsami, irin wanda ke sa mutum ya tuna zunubansa. Mai kifin Bahaushiya ce, ta ji Mazin yana Larabci zalla ta ce, "Wanga ɗa ina kunka aro shi?" Na ce kan hanyar gyara muke. Munka ƙetare kogi, munka isa Suki rana na tsaka, munka hau bayan boksi, 'yar motar a-kori-kura, tare da buhunan taki da wata tunkiya da ta ƙi jinin Hanadi tun kallon farko.

Nan ne na yi kuskuren da ya haifi sauran. Direban ɗan ƙauyenmu ne, ya gane ni. "Ba ɗan Malam Musa ba ne? Ƙofar Baffanka zan sauke ku."

Na ce a'a, bakin gona.

Ya taka birki har tunkiya ta faɗa cinyar Asha. "Ba za ka fara gaisuwa ba?"

Ku mutanen gari ba za ku gane ba. A Hasahisa baƙo ya zo, ka ba shi lemo, ka duba agogo sau biyu, ya fahimta. A ƙauyenmu in ka sa ƙafa zauren Baffa an gama da kai. Za a yanka kaza, a kawo ruwan wanka, a shimfiɗa gado mafi kyau, a jera tsofaffi su zo ɗaya bayan ɗaya su tambaye ka lafiyar mutanen da sunka mutu tun bara. Ka ce za ka kwana waje? Kamar ka zagi gidan ne. Shi ya sa na shirya in yi shiru, in kafa tanti, da yamma Baffa ya zo zagayen gona ya iske jikokin Musa bakin wuta kamar ɗiyan zaki. Direban ya girgiza kai, ya sauke mu gindin gawon da na sani tun ina yaro, ya ce, "Ni ban gan ku ba."

Gonar tana nan yadda take. Gefe guda dawa, gefe guda kuɓewa, ƙasa duk kunya-kunya da ɓurɓushi, babu inda mutum zai aje haƙarƙari. Sai can kusa da gawon na hango wuri. Jama'a, wuri. Fili sumul, an raba shi ɗaki-ɗaki, kowanne murabba'i da 'yar katangar ƙasa kewaye, ƙasar laushi kamar garin alkama, ko tsinke babu. Na auna da ƙafa, daidai girman tantin Usman, kamar tela ya yanka.

Asha, wadda haifaffiyar Madani ce ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ta ce, "Baban Hanadi, wurin nan kamar da hannu anka shafe shi. Wa ke share daji?"

Na ce ikon Allah ke nan, ku 'yan birni komai sai kun sa tambaya.

Kafa tantin ya ci awa ɗaya da rabi da ɗan yatsana guda. Takardar bayanin da rubutun China take, hoton ciki kuma mutumin yana murmushi, abin da ya nuna bai taɓa kafawa ba. Da ya tsaya, ya ɗan karkace kamar hular ɗan tasha, amma ya tsaya. Gefen filin akwai wani busasshen lambatu, zurfinsa ya kai gwiwa. Na ce ga kicin, iska ba za ta kashe wuta ba. Na saukar da akwatin ƙanƙara da murhu ciki, sun toshe shi cif. Sannan don kada wani ya yi tuntuɓe da shayi, na sa ƙafa na rushe katangar ƙasar da ke tsakanin lambatun da ƙofar tanti, na baje ta sarai. Har na kira yara su ga yadda namiji ke gyara muhalli.

Munka ci kifin gwangwani da biskit. Hanadi ta zagaya gawo sau bakwai da waya sama kamar mai neman wata. "Yaba, mafi shabaka." Da Larabcinta ke nan, wai Baba, babu layi, ko ɗigo. Ta ce wannan zalunci ne, za ta gaya wa malamarsu. Mazin ya ce ƙasa na da ƙaiƙayi, iska na da wari, kuma wani tsuntsu yana kallonsa. Na ce su tafi su yi bincike, haka yaran Turawa ke yi. Sunka tafi suna jan ƙafa, bin busasshen lambatun nan, don shi kaɗai ne hanyar da ba ƙaya. Asha ta shimfiɗa zane gindin gawo, nesa da ni. Ni kuwa na shiga tanti na miƙe bisa katifa don in gwada ta, na minti biyar.

Abin da ya faru lokacin da nake gwajin, daga baya na ji. Yaran sun yi tafiya kaɗan sai sunka ci karo da kan ruwa. Wanda bai taɓa gani ba ba zai gane ba: ruwa yana rarrafowa cikin busasshen lambatu a hankali kamar maciji, yana ture kara da kumfa, tururuwa na gudu, kwaɗi na fitowa daga inda ba ka zata ba. Mazin ya tsuguna. Hanadi ta sa waya aljihu, da hannunta, ba wanda ya ce mata. A bayan ruwan kuma ga tsoho tafe da fartanya a kafaɗa, yana raka shi kamar amarya. Baffa ne. Ranar layin ruwansa ce.

Kuma na san wannan. Na san shi tun ban san sunana ba. Ruwa a wurinmu layi ne, mai tsaron ƙofa ya buɗe ma ranarka, in ya wuce ka sai wani zagayen. Ba ya jiran biki, ba ya jiran jana'iza, balle ɗan Hasahisa mai barci. Ɗakunan nan masu laushi kuwa fangali ne, irin albasa Baffa ya yafa ciki jiya-jiya, ya rufe da tafin hannunsa. Da na tsaya gaisuwa, kafin in sha ruwa an gaya mani.

Ni dai mafarki nake Asha na shafa mani mai a baya, mai sanyi. Na ce ashe rihla na gyara aure. Sai man ya shiga kunnena. Na buɗe ido, ga takalmina yana wucewa ta gabana, shi kaɗai, ba ƙafa. Ruwan ya zo ya iske kicin ɗina ya toshe hanya, ya duba hagu ya ga ƙofar da na buɗe mashi da ƙafata, ya shigo gaba ɗayansa ba sallama.

Sallamar daga waje ta zo. "Salamu alaikum, masu gida."

Na leƙo da rarrafe. Baffa tsaye, yara a bayansa, Asha ta rufe baki da mayafi kafaɗunta na rawa.

"Baffa, sannu da… mun zo ne…"

"Na gani. An sauka lafiya? Ɗakin ya yi? In da sauro a faɗa mani."

Bai ƙara ba, don idonsa ya bar kaina. Ruwan da ya kamata ya shiga kowane fangali a hankali, ya jiƙa ƙasa ya tsaya, yanzu ya taru wuri ɗaya, ya cika nawa, ya fara cin katangar na gaba. In ta fashe zai wanke irin duka ya tara shi can ƙasan gona, albasar bana ta tafi. Baffa ya duƙa zai sa fartanya, sai bayansa ya riƙe, ya tsaya a lanƙwashe kamar lauje. Ya ce, "Haruna, toshe bakin can."

Ina so in ce na toshe. Abin da na yi shi ne na koma cikin tanti ceto wayata da abin cajinta, na fito na ɗaga su sama da hannu biyu, na taka katangar fangali na biyu, ita ma ta tafi. Baffa ya dube ni. Kallon nan har yanzu in na tuna sai in gyara zama.

Sai na ji fanjam. Hanadi ce ta faɗa lambatun da takalminta na biki. Ta rungumi akwatin ƙanƙara ta tura shi waje, Mazin ya ja murhu, hanya ta buɗe, rabin ruwan ya wuce gaba. Saura ɓarakar da na yi. Ta kwaso laka da hannu ta liƙa, ruwa ya kwashe. Ta sake, ya sake. Baffa na faɗa da Hausa, tana mai da mashi da Larabci, kuma wallahi suna jin juna.

"Ba nan ba, 'yar nan, daga sama. Nemi abin da zai tare, sannan laka."

Ta waiga. Abin da zai tare guda ɗaya ne a wurin. Ita da uwarta sunka tuge turaku, sunka naɗe tantin Usman kamar gammo, sunka danna shi bakin ɓarakar. Mazin ya hau ya zauna a kai. Hanadi ta karɓi fartanya daga hannun Baffa ta riƙa sarar ƙasa tana jibgawa. Ruwa ya tsaya. Tun da anka ƙera tantin nan a China, ranar ya fara aiki mai amfani.

Daga nan har rana ta yi ja ba wanda ya kula ni. Baffa ya zauna bisa akwatin ƙanƙara yana nuni da sanda, yaran na bin fangali ɗaya bayan ɗaya. Buɗe. Ya isa. Toshe. Mazin ya kama kwaɗo ya sa masa sunan malamin lissafinsu. Ya faɗi cikin laka sau huɗu, yana tashi yana dariya irin wadda ban taɓa jin ta a gidana ba. Na ji Hanadi ta ƙwala wa ƙanenta, "Toshe, kai, toshe," da Hausa tsantsa, har da harara irin ta kakarta. Na matsa in ba da shawara, ta ce, "Yaba, kana taka kunya." Na koma gindin gawo na riƙe wa kowa takalmi.

Masauki kuwa, inda na guda can munka kwana. Gwaggo Kulu, matar Baffa, ta tarbe mu da faɗa tun daga ƙofa: an zo gari an wuce ta kamar ba ta da tukunya. Ta yi wa yara wanka da kanta, ta ba ni tsohuwar rigar Baffa wadda ta tsaya mani a gwiwa. Anka yanka kazar da na so in ceta. Anka kawo asida, tuwon dawa, da miyar busasshiyar kuɓewa, yaran da a gida sai an bi su da cokali sunka sa hannu har sai da akushi ya yi ƙara. Tsofaffi sunka jeru kamar yadda na faɗa, sai dai ba wanda ya tambayi lafiyar kowa. Kowa tambayarsa ɗaya: "Wane ne ya kwanta cikin irin?" Lawali ma ya zo, da fara'arsa har kunne.

Bayan magariba Gwaggo ta kawo gahawa. Baffa ya kurɓa, ya ce, "Mazin, albasa daga ina take fitowa?"

Mazin bai jira fassara ba. Ya nuna ni. "Ƙarƙashin Yaba."

Wannan karon Baffa ya yi dariya har tari ya kama shi. Da ya lafa ya juya wurin Lawali. "Maganar da na yi a Madani na janye ta. Gonar Musa ta sami mai ita." Na gyara zama, na fara shirya kalmomin godiya. Ya ce, "Ba kai ba. Hanadi zan koya wa, da ƙanenta. Kai aikinka ka riƙa kawo su ranar ruwa in ba makaranta. Ka sauka gida, ka yi gaisuwa, ka zauna zaure. Kada in sake ganin ƙafarka bayan gawon nan."

Na ce to, Baffa.

To kun ji. Ba kada, ba ƙugiya. Yanzu wayar Hanadi ta koma abin tambayar Baffa yaushe layin ruwa, kuma ni da na tsara rihlar kwana ɗaya na zama ɗan rakiya na dindindin, har yaron motar Madani ya san inda Mazin ke amai. Usman kuma, tantinka na nan lafiya, Baffa ya ce ba a taɓa samun abin toshe ruwa kamarsa ba, in kana so ka je ka karɓa da bakinka.

Zuwanmu na baya-bayan nan irin ya fito, kore shar, fangali bayan fangali kamar gashin jariri. Sai guda ɗaya kusa da gawo, wanda tsakiyarsa ba ko tsinke: ga wurin kai, ga faɗin baya, ga ƙafafu biyu a ware. Ƙauyen duk sun san shi, makwancin Haruna. Daga bakin hanya na hango shi, inda anka yarda in tsaya. Hanadi ce ke kai baƙi su gani, kuma da Hausa take ba da labarin.